Ɗigo da Maganin Ƙwari

Ga ta nan, ga ta nan, ta tsaya a bakin zaurenku.

Ta shigo mu ji da me ta zo.

To, ku gyara zama. Mai gyaɗa ya ajiye gyaɗarsa, ba na magana ana tauna.

Wani mutum ne ana ce masa Tunau, yana da lambu a bakin rafi. Babu abin da ya shuka a ciki sai kabewa. A gefen lambun akwai wata tsohuwar ɗorawa, a kan ɗorawar kuma akwai amya. Tunau ne ya saƙa ta da hannunsa, ya shafe ta da kashin shanu, ya hau ya ɗaure ta a reshe. Ƙudan zuma suka zo suka tare a ciki. Shekara-shekara yakan hau ya ɗebi rabin zuma, ya bar musu rabi. Ba a taɓa jin kansu ba.

Uwar amyar, Inna suke ce mata. 'Ya'yanta ba sa ƙirguwa, amma manyan da ke jan aiki su uku ne: Yaya Babba, da Yaya Tsakiya, da Yaya Ƙarama. Sai kuma wata 'yar mitsitsiya, wadda in kowa ya dawo da ciki cike, ita ɗigo ɗaya take kawowa. Shi ya sa suke kiranta Ɗigo. Ba ƙiwa ce da ita ba. Tsayawa take yi a hanya tana tambaya. Ta tambayi tururuwa ina za ta, ta tambayi kwaɗo me ya kumbura masa wuya. Yayyenta su ce, "Ɗigo, bakinki ya fi fiffikenki aiki."

Aikinsu kuwa kai lefe ne. Kabewa fure biyu take yi, in ba ku sani ba ku sani. Akwai ango, akwai amarya. Ango dogon wuya gare shi, cikinsa cike da gari mai launin kwaiduwa. Amarya kuwa tana da ɗan ƙulli a gindinta. To, ango ba shi da ƙafa, amarya ba ta da ƙafa. Wa zai kai lefe? Sai ƙudan zuma. Da sassafe, furanni na buɗewa, su shiga wurin ango su ɗauko garin nan a ƙafafunsu, su nufi amarya suna waƙa:

"Amarya, buɗe ƙofa,
Mun zo da lefe a ƙafa,
Ba mu taɓa ba, ba mu rage ba,
Ba mu tukwici mu koma."

Amarya ta karɓi lefe, ta ba su tukwicin ruwa mai zaƙi. Da ruwan nan suke yin zuma, da ragowar garin suke ciyar da jarirai. Ita kuwa amarya, ƙullin gindinta ya kama girma, har ya zama kabewar da mutum biyu ke ɗagawa. Rana na take tsaka furanni su rufe, kowa ya koma gida. Tunau bai san ana wannan hidima a lambunsa ba. Shi dai ya ga kabewa, ya ce Allah ya yi albarka.

Ana nan, ana nan, sai abu biyu suka zo tare. Tsutsa ta sauka a lambu da 'ya'yanta, suka kama cin ganye, suka kama ɓula jijiya. A amya kuma Inna ta kwanta ciwo. Jikinta ya yi nauyi, ko juyawa sai an taimaka mata.

Ran nan sai ga wani mai talla a kan keke, ya tsaya a inuwar ɗorawa yana shela: "Akwai maganin shanu! Akwai maganin kaji! Akwai maganin ƙwari!"

Tunau ya fito ya sayi duka ukun, don saniyarsa na zawo, kajinsa na gyangyaɗi, ga kuma Tsutsa ta hana shi barci.

Ƙudan zuma na sama suna kallo. Ya ɗura wa saniya maganin shanu. Saniya ta miƙe ta kama kiwo. Ya zuba wa kaji maganin kaji a kasko. Kaji suka wartsake suka kama tono.

Yaya Babba ta tafa fiffike ta ce, "Kun gani? Maganin shanu ya ta da saniya. Maganin kaji ya ta da kaji. Saura namu. Tunau ya tuna da mu, Allah ya saka masa!"

Ɗigo ta ce, "Yaya, wa ya gaya masa Inna ba ta da lafiya?"

"Ke rufe mana baki. Maƙwabcin kirki sai an gaya masa?"

Gari na wayewa Tunau ya goya injin feshi a baya, ya ɗaure hancinsa da tsumma, ya bi kunya-kunya yana fesawa. Furanni duk a buɗe suke. Ya fesa wa ango, ya fesa wa amarya.

Ɗigo ta ce, "In magani ne, me ya sa ya toshe hancinsa?"

Ba wanda ya kula ta. Yaya Babba ta ce, "Inna, bari in je in ɗebo miki." Ta tashi da rundunarta, buuu, suka sauka lambu. Suka yi wanka a cikin raɓar feshin nan, suka sha, suka ƙara. Rana ta take, furanni suka rufe. Yaya Babba ba ta dawo ba. Ko ɗaya daga cikin rundunarta ba ta dawo ba.

Yaya Tsakiya ta ce, "Daɗi ne ya riƙe su. An ce a ɗebo wa marar lafiya, sun zauna shan nasu. Gobe ni zan je."

Gari ya waye, ta tashi da tata rundunar, buuu. Da hantsi sai ga ta ita kaɗai, tana tangaɗi a iska. Ta zo daidai ƙofar amya, ta wuce. Ta juyo, ta sake wucewa. Ɗigo ta fito tana kira, "Yaya, nan ne! Yaya, ga ƙofa!"

Yaya Tsakiya ta dube ta kamar ba ta taɓa ganinta ba, ta ce, "'Yammata, don Allah ina ne gidanmu? A kan wata bishiya yake, na manta sunanta."

"Ga shi a gabanki, Yaya! Ni ce Ɗigo!"

Ta ce, "Allah sarki, ina da ƙanwa mai wannan suna." Ta juya ta nufi hayin rafi. Ɗigo ta bi ta har fiffikenta ya gaji. Ba a ƙara ganinta ba.

Yaya Ƙarama ta ce, "Sun sha ya yi musu yawa ne. Magani ai da ƙa'ida ake shansa. Ni ba zan sha ba, ɗaukowa kawai zan yi."

Ta je ta ɗauko, a ciki da ƙafa, ita da 'yan rundunarta. Suka kawo gaban Inna. Inna ta kau da kai ta ce, "Wace uwa ce ke ci 'ya'yanta na kallo? A fara ba jarirai."

Saƙar jarirai biyu ce a amyar, ta gaba da ta baya. Aka fara da ta gaba. Kafin a kai ga ta baya, jariran gaba sun yi tsit. Yaya Ƙarama ta ce barci ne. Tana cikin faɗa ƙafafunta suka naɗe, ta kife a wurin.

Ɗigo ta yi tsalle ta tare hanyar saƙar baya, ta ce, "Wallahi ba mai wucewa!" Ta sa aka tattara ragowar abin da aka kawo, aka zuba a wata saƙa ta can ƙurya, ta liƙe bakinta da kaki. Sannan ta ce, "Inna, zan je lambu. Ba sha zan yi ba, ba ɗauka zan yi ba. Tambaya zan yi."

Inna ta ce, "Je ki, Allah ya tsare. Yau kam bakin naki muke bukata."

Ɗigo ta sauka lambu, ba ta taɓa ko ganye ba. Ta leƙa cikin wani ango, ta ga yayyenta kwance. Ta duba ƙasa, ta ga Malam-buɗe-littafi ya rufe littafinsa, tururuwa na jansa. Ta ga Zanzaro ya miƙe ƙafafu sama, da ɗamararsa da komai. Lambu shiru, ba waƙa, ba guɗa.

Sai ta ji dariya, ƙyal-ƙyal-ƙyal, daga cikin jijiyar kabewa. Ta matsa. Ga wata 'yar ɓula, ga kan Tsutsa ya leƙo, kumatu sun yi ɓul-ɓul.

Tsutsa ta ce, "A'a, 'yan kai lefe! Ina sauran? Ko an fasa bikin ne?"

Ɗigo ta haɗiye fushinta ta ce, "Gwaggo Tsutsa, tambaya na zo yi. An ce maganin ƙwari ne. Me ya sa bai warkar da mu ba?"

Tsutsa ta yi dariya har ta shaƙe. Ta ce, "Kai, zama a sama bai yi ba! Ke 'yar nan, kin taɓa jin maganin ɓera?"

"Na ji."

"Kin taɓa ganin ɓeran da ya sha ya warke?"

Tsutsa ta ci gaba:

"Maganin sauro fa? Ƙiba yake sa sauro? Ai bakin mutum ɗaya ne, harshensa biyu. In ya ce maganin shanu, yana son shanu. In ya ce maganin ƙwari, ya gaji da ƙwari. Kalma ɗaya ce, sai kin san gefen da kike."

"To ai mu ba mu ci masa komai ba."

"Wa ya tambaye ki? Kina da ƙafa shida? To ke ƙwaro ce. Don ni aka saye shi, ba na musu. 'Ya'yana na kan ganye sun tafi, Allah ya ji ƙansu. Amma ni ina cikin ɗaki, ko ɗigo bai taɓa ni ba. Ga Zanzaro can da ke kwashe mini 'ya'ya kullum, an gama mini da shi. In kin ga Tunau ki ce ina godiya, ya ƙaro."

Ɗigo ta koma ta faɗa wa Inna. Inna ta yi kuka, ta ce daga yau ba mai sauka lambu.

To, amma rani ne. Daji ya bushe, ɗorawa ba ta yi fure ba tukuna. Duk faɗin wurin nan babu fure sai na Tunau. Jariran saƙar baya suna motsi suna neman abinci, abin da ke rumbu kuma kullum raguwa yake. In suka mutu amya ta mutu, don Inna ba ta da ƙarfin sake haifar wasu.

A lambu kuma amare suka yi ta buɗe ƙofa, ba lefe. Su jira har rana ta take, su rufe. Ƙullin gindinsu ya yi rawaya, ya yanƙwane, ya faɗi. Tunau ya tsuguna yana tsinta yana cewa, "Ƙwarin nan ba su ji ba. Ranar kasuwa zan ƙaro mai ƙarfi."

Ɗigo ta ji. Ta je kunnensa na dama ta ce, "Baba Tunau!" Ya kai mata mari. Ta zaga kunnen hagu ta ce, "Baba Tunau!" Ya cire hula ya kai mata duka. Ta sauka a kan hancinsa, ya ce, "Kai, har da ku a ciki!" Ya rarumi reshe. Da ƙyar ta sha.

'Yan uwanta da suka rage suka ce, "Mu taru mu harbe shi!"

Ɗigo ta ce, "Wadda ta yi harbi mutuwa take yi. Mu nawa muka rage? Kuma in muka kumbura masa fuska, gobe da amya zai fara feshin. Ku bari. Mutum ba ya jin magana sai bukatarsa ta kawo shi."

Bukatar kuwa tana tafe. Tunau yana da tsohuwa a gida, Iya Tsahara, tari ya sa ta gaba. Ta kira shi ta ce, "Kai Tunau, ina nan ina tari kamar tsohuwar akuya, kana da amya a kan ɗorawa? Tashi ka ɗebo mini zuma."

Da la'asar sakaliya ya ɗauki ƙwarya da bakin wuta, ya hau ɗorawa. Ya kara kunne a jikin amya, bai ji guɗa ba. Ya buɗe murfi. Gawarwaki suka zubo masa a hannu kamar ƙaiƙayi. Ya ce, "Inna lillahi! Wane maƙiyi ne ya yi mini wannan?"

Ɗigo ta fito ta zauna a bakin ƙwaryarsa ta ce, "Sannu da zuwa, Baba Tunau. Yau ba duka?"

Ya ce, "Ke ce ta rannan? Me ya same ku?"

"Ƙaddara. Me ke tafe da kai?"

"Iya ce ba lafiya. Zuma nake nema, ko kaɗan ne."

"Ayya, Allah ya ba ta lafiya. Rumbunmu ya bushe, amma akwai saƙa guda a ƙurya, na liƙe ta da kaki. Ɗauka ka kai mata. Maganin tsofaffi ne."

Tunau ya ji daɗi, ya zura hannu ya ɓalle saƙar, ya sa a ƙwarya. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka."

Ɗigo ta ce, "Amin. Daga furen lambunka aka ɗebo shi, bayan ka yi feshi."

Tunau ya tsaya da ƙafa ɗaya a kan reshe. Ya dubi ƙwarya, ya dubi Ɗigo. Ya ce, "Da kika ce maganin tsofaffi, me kike nufi? Mai warkar da su, ko mai..."

Ɗigo ta ce, "Oho. Ni ƙwaro ce, Baba, a bakinku na koyi Hausa. Mun ji ka sayi maganin shanu, saniya ta tashi. Mun ji ka sayi maganin kaji, kaji suka tashi. Muka ji maganin ƙwari, uwarmu na kwance, muka yi ta sa maka albarka. Yayyena uku suka tafi ɗebo mata. Ga ragowar abin da suka kawo nan a hannunka. Kai da ka iya maganar, kai za ka faɗa mini ko wane iri ne."

Tunau ya zauna a kan reshe. Ya ce, "Wallahi ba da ku nake ba. Da Tsutsa nake."

"Ka gaya wa feshin haka? Yana da ido ne da zai tantance?"

Ya sake duban ƙwaryar hannunsa.

Ta ce, "Tsutsa na nan lafiya, ta ce a gaishe ka. Waɗanda ka kashe masu kai maka lefe ne." Nan ta gaya masa zancen ango da amarya, da abin da ke sa ƙulli ya zama kabewa, da abin da ke sa shi faɗuwa. Ta ce, "Saura saƙa ɗaya ta jarirai. In ka ƙara feshi a kan fure, su mutu da guba. In muka ƙi sauka, su mutu da yunwa. Ka zaɓa musu."

Tunau ya ce, "To in bar Tsutsa ta cinye ni?"

"Wa ya ce? Na san ƙofar ɗakinta."

Ya sauko ya haƙa rami, ya binne saƙar nan da ƙwaryar gaba ɗaya. Ya shiga gida hannu wofi. Iya Tsahara ta ce, "Ina zumar?" Ya faɗa mata komai. Ta yi tari, ta yi tari, sannan ta ce, "Ka kyauta. Ɓarawo ya shiga gida, ka rufe ido ka yi ta sara, ka sare baƙin da suka zo maka biki. Da furfurarka! To bana sai in sha tarina da ruwan zafi. Tashi ka ba ni wuri."

Da safe ya tsinke duk furen da feshi ya taɓa, ya binne. Ya yi ta ɗibar ruwa yana wanke ganye. Ya tatse rake a kasko ya ajiye a gindin ɗorawa, don masu amya su sami abin riƙe rai. Ɗigo kuma ta shiga gaba yana binta. Duk jijiyar da ta sauka a kai, ya duba ya ga ɓula, ya sa ƙayar aduwa ya zaƙulo mai ɗakin.

Da aka zo kan ita uwar Tsutsa, ta fito tana mutsu-mutsu tana cewa, "Haba 'yar nan, ba Gwaggo kika ce mini ba?"

Ɗigo ta ce, "Na faɗa. Sai kin san gefen da kike." Kaza na gefe tana jira, ta yi caraf.

Na kan ganye kuwa, Tunau ya riƙa barbaɗa musu toka, yana yayyafa ruwan ganyen darbejiya. Shi ma sai da yamma, bayan furanni sun rufe, masu lefe sun koma gida.

Sababbin furanni suka buɗe. Ɗigo da 'yan tsirarun da suka rage suka sauka, suka yi ta jigila har fiffike ya yi tsami. Suka ciyar da jarirai, suka liƙe musu ɗakuna da kaki yadda ake yi, don su ƙarasa girma a ciki. Daga nan sai jira. Ba wanda ya san ko abincin ya zo a kan lokaci.

Kullum Ɗigo ta kara kunne a jikin saƙa. Shiru. Inna ta ce, "Yaya?" Ta ce, "Tukuna." Gari ya sake wayewa, ta kara kunne. Shiru. Inna ta juya fuska bango.

Ran nan da hantsi sai ta ji ƙwas. Ta ƙara ji, ƙwas-ƙwas. Kaki ya tsage, wani ɗan kai ya leƙo, jiƙe sharkaf. Na kusa da shi ma ya tsage, na gaba ma haka, har saƙa ta ɗauki motsi gaba ɗaya. Inna ta ɗago kai tana ƙirga sababbin 'ya'yanta har ta rikice.

Ɗigo ta ɗebo abinci ta miƙa wa ta farkon. 'Yar ta ja da baya, ta dubi abincin, ta ce, "Mene ne wannan? Daga ina?"

Ɗigo ta ce, "Inna, wannan za ta yi rai."

Ƙurunƙus, kan Tsutsa a bakin kaza. Wanda ya ce ƙarya na yi, ya yi sammako ya leƙa cikin furen kabewa.

Ku kuma ku ji da kyau. Ba duk mai yawo a gonarka ne ɓarawo ba, wani aiki yake yi maka ba ka sani ba. Kafin ka ɗaga hannu, san wa zai samu. Kuma duk abin da aka ce muku magani ne, ku tambaya: na warkarwa ko na kashewa, kuma na wa?

Ku tashi haka nan. Kowa ya kakkaɓe tabarmarsa kafin ya naɗe.